Abin da Kaka Yake Dakawa Ranar Alhamis

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincinsa su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah ya ƙara girma. Mai Unguwar Ƙofar Kwaya, Allah ya ja kwana. Allah gafarta Malam Liman. Mai girma Kansila. Dakta Nasiru, likitan marigayi. Iyayenmu tsofaffin ma'aikatan duba-gari da suka haɗa wannan taro. Hedimasta, da ya ba mu filin makaranta. Kakata Hajiya Rakiya, mahaifina da ƙannensa, gwaggonnina, maƙwabta maza da mata. Assalamu alaikum. Ina kwananku, ina gajiya, ya ƙarin haƙurinmu.

Sunana Iklima, jikar marigayi Malam Gwadabe Duba-gari ce ni ta wajen ɗa. Bara na gama firamare a nan makarantar. Ban taɓa magana gaban mutanen da suka wuce 'yan ajinmu ba, shi ya sa na rubuto. In muryata ta yi ƙasa a yi mini haƙuri.

An ba ni wannan aiki ne domin ni ce nake karanta wa Kaka takardun asibiti tun da idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu. Akwai kuma wani dalili. Yau kwana arba'in da rasuwarsa, kuma a cikin kwanakin nan wata magana tana yawo a unguwa, wai maganin asibiti da yawan ɗibar jini ne suka kashe shi. Saboda ita, mutum shida da suke zuwa wurin Dakta tare da shi sun daina zuwa. Saboda ita kuma amininsa, Baba Sammani baduku, wanda yake da miki a yatsan ƙafa wata da watanni, ya ce ko a ɗauke ba za a kai shi asibiti ba. Na san wani abu game da wannan maganar. Zan faɗe shi, amma bari mu fara tuna mutumin.

Ya kasance mai leƙe. Shekara talatin da ɗaya yana shiga gidajenmu da ludayinsa, ya yi sallama, ya wuce wurin randa, ya ɗebo ruwa ya ɗaga shi a rana yana neman 'ya'yan sauro. Iyayenmu mata sun ce da an hango hularsa a bakin lungu sai a ji ƙarar tsintsiya daga gida zuwa gida. Mu da muka taso bayan ya ajiye aiki mun tarar bai ajiye leƙen ba. Rediyo, agogo, cikin gwanda, fitilar da ta mutu, sai ya buɗe ya ga abin da ke ciki.

Ya kasance ba ya duba fuska. Shekarar amai da gudawa ya rufe rijiyar wani babban mutum, aka yi ta aike ana dawowa, bai buɗe ba sai da aka yashe ta. Hajiya ma ba ta tsira ba. Ta ba ni labarin ranar da ya dawo aiki ya leƙa randar gidanmu, ya zaro littafinsa ya rubuta sunan kansa. Ta ce, "Malam, gidanka ne hwa." Ya ce, "Sauron bai sani ba."

Ya kasance mai son a gyara abu tun bai ɓaci ba. Ranar zaɓen bara ya shiga layi tun safe, ya zauna sau uku kafin ya kai ga akwati. Da ya fito aka tambaye shi ya ya ji, sai ya ce, "Soja ya tahi bariki, saura lambatu." Mai girma Kansila, ka san lambatun da yake nufi. Yana nan bayan masallaci, kuma damina ta sauka.

Wannan zama sau uku shi ne farkon abin da muka lura. Daga gidanmu zuwa masallaci ba nisa, amma sai Kaka ya tsaya a gaban teburin ƙosan Baraka, ya sunkuya yana kallon kwata kamar mai bincike, sannan ya wuce. Mu duka mun ɗauka tsohon hali ne. Ashe ƙwaurinsa ne yake ɗaurewa. In ya tsaya kaɗan ya sake shi, in ya ci gaba ya dawo. Tafin ƙafarsa kuma kullum sanyi ƙalau, ko da zafin bazara.

Da mahaifina ya kai shi asibiti ni ma aka tafi da ni. Dakta Nasiru ya taɓa bayan ƙafarsa yana neman bugun jini, ya daɗe bai samu ba. Ya ce hanyoyin da jini yake bi zuwa ƙafa sun ƙuntata, kitse ya liƙe a jikinsu, jinin da ke isa ƙasa ba ya wadatar mai tafiya. Sai Kaka ya yi dariya.

"Likita, ka ce lambatuna ya toshe."

"Haka ne, Baba."

"Shekara talatin ina bin na mutane. To da mi za a yashe?"

Dakta ya ce ba a yashe shi da ƙwaya. Amma akwai wani magani, sitatin, da yake rage kitsen da ke yawo a cikin jini, don kada toshewar ta ƙaru da sauri. Ya ce yana bin wasu masu irin wannan ciwo don ya ga abin da maganin yake canjawa a jininsu, in Kaka ya yarda zai riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum bayan magariba, duk wata biyu kuma a ɗebi jini kaɗan. Mahaifina yana shakka. Kaka kuwa har ya naɗe hannun riga.

Jinin ba shi da yawa, bai kai cokali biyu ba. Ina faɗa ne don masu cewa an ƙarar masa da jini. Da idona na gani sau shida. Wani a nan ake auna shi, wani a sa a ƙanƙara a tafi da shi Zariya, bayan mako biyu ya dawo ya zama takarda. Wannan abu har yau yana ba ni mamaki. Ja ne kawai a kwalba, iri ɗaya da na kowa, amma a ce a cikinsa akwai labarin abin da mutum ya ci da abin da ya sha da abin da yake ɓoyewa.

Layi uku Dakta ya koya mini in duba. Na farko kitsen jini. Na biyu ya kira shi alamar kumburi, ya ce in bangon jijiya yana fushi daga ciki, kamar miki da ba a gani, lambar takan hau. Na uku na hanta ne, don a tabbata maganin bai dame ta ba. Duk ranar da takarda ta zo Kaka zai zauna a zaure ya miƙe ƙafa ya ce, "Malama Iklima, mi jinina ya ce?"

Takardar farko, watan da farar hula suka karɓi mulki, kitsen bakwai da ɗigo takwas. Ta biyu, biyar da ɗigo tara. Ta uku, biyar da ɗigo ɗaya, alamar kumburin ma ta sauko kusan rabi. Ranar ya sa na maimaita masa sau uku. Ya tambaye ni yadda ƙwaya 'yar mitsitsiya ta san hanyar hanta ba ta ɓata ta tafi kunne ba. Na ce ba a koya mana ba. Ya ce in na girma in gano in zo in gaya masa.

Sai ta huɗu ta zo, lambar ta ɗan hau. Ta biyar ta ƙara hawa. Ta shida ta koma bakwai da ɗigo biyar, kamar ba a taɓa shan komai ba.

Dakta ya rasa gane kan abin. Ya sake aika jinin. Ya duba kwalin maganin ko jabu ne. Ya tambayi Kaka ko yana sha, Kaka ya ce, "Ba ƙwaya ɗaya da ta faɗi ƙasa, likita." Daga nan laifin ya koma kan Hajiya, aka ce ko man shanu take zuba masa a tuwo. Hajiya, kin sha faɗa a kan man shanun da ba ki zuba ba. Kin yi kuka ranar. Ina tsaye a bakin ƙofa na san gaskiya ban buɗe baki ba. Ki yafe mini.

Ga gaskiyar.

Kowa a nan ya san Kaka da Baba Sammani. Tun suna makarantar allo suke tare, kuma ban taɓa jin sun gaisa ba tare da tsiya ba. Shi ya ce masa Sarkin Leƙe, Kaka ya ce masa Mai Warin Jima. Baba Sammani ne ya ɗinka kowane takalmin da Kaka ya yi yawon garin nan da shi. Shi ma ƙafarsa takan ɗaure in ya yi tafiya, kuma tasa ta fi tsanani. Kaka ya yi ta binsa su je asibiti, Baba Sammani ya ce shi bai taɓa haɗiyar ƙwayar Bature ba, ba kuwa zai fara da furfura ba.

Wata Alhamis da la'asar, bayan takarda ta uku, Hajiya ta tafi barka, na shiga zaure na tarar da Kaka da ɗan turmin daka yaji tsakanin ƙafafunsa. Ya ɓare ƙwayoyinsa huɗu ya dake su, ya zuba garin kuka ya juya, ya raba a 'yan takardu ya ƙulle.

Ya ɗago ya gan ni. Ya ce, "Ke ɗiyar nan, tafiyarki ba ta ƙara. Zo ki riƙe mini zare."

Na ce, "Kaka, wannan ba naka ba ne?"

Ya ce, "Nawa ne, shi ya sa na ba wanda na ga dama. Ki kai ma Mai Warin Jima, ki ce saƙon Malam Babaji na Batagarawa ya iso. A koko zai sha bayan magariba."

Na ce, "Wane ne Malam Babaji?"

Ya ce, "Yanzu na haife shi."

Ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Haka muka yi ta yi duk Alhamis. Da farko rabawa yake, huɗu can, uku nan. Da mikin ya fito a yatsan Baba Sammani sai ya koma dake bakwai ɗin gaba ɗaya. Na ce masa lambarsa tana hawa. Ya ce ya sani, ai shi yake hawar da ita. Ya ce, "Ni na ga yana aiki, takarda ta nuna. Abin da nake son sani, in ya shiga jinin mai taurin kai ma yana aiki?" Yana faɗa yana dariya, ya ci gaba da daka.

Ba ƙwaya ɗaya da ta faɗi ƙasa. Bai yi wa likita ƙarya da baki ba, amma bai gaya masa gaskiya ba.

Ya rasu ranar Asabar da hantsi, yana alwalar walaha, ya dafe ƙirji ya zauna. Kwanansa ne ya ƙare, mun yarda da wannan, ba mu ja da hukuncin Allah. Amma a ranar da ya rasu ya yi wata huɗu bai sa maganin asibiti a bakinsa ba. Wanda yake sha yana nan zaune a layin gaba.

Na riƙe alkawarin kwana talatin da biyu bayan rasuwarsa. Ina ji ana cewa, ga Sammani mai shan na gargajiya yana raye, mai shan na asibiti ya tafi. Ina ji an tura ɗan Baba Sammani Batagarawa har sau biyu neman Malam Babaji, domin Alhamis ɗin ƙarshe na wata guda Kaka ya daka gaba ɗaya, kuma ya kusa ƙarewa duk da ana tattalinsa. Ya samo Babaji uku. Ɗaya mai faci, ɗaya mai shayi, ɗaya yaro ne ɗan shekara tara. Mutane suna dariya, ni kuwa na kasa cin abinci. Da na ga Baba Sammani ya yanke gaban takalminsa don yatsan ya daina gogar fata, sai na gaya wa Hajiya. Hajiya ta gaya wa mahaifina, suka kai ni wurin Malam Liman. Na tambaye shi ko alkawarin da aka yi wa mamaci yana tashi. Ya ce mini rufin asirin da zai cutar da mai rai ba a riƙe shi, kuma in Kaka yana da hakkin wani a wannan abu, faɗar gaskiya sauƙi ce gare shi.

Muka je wurin Dakta. Da na gama ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Na yi masa tambayar da ta fi damuna: da Kaka ya ci gaba da sha, da yana nan? Ya ce ba wanda zai iya cewa. Ya ce toshewar da ke ƙafa irinta ce take zuwa zuciya, maganin yana rage haɗarin ne, ba ya kore shi. Ya ce abin da takardun nan shida suka nuna ƙarara shi ne, da yana sha lambobin sun sauka, da ya bari sun dawo. Ya kuma ce in gaya muku abu biyu. Kada wanda ya sake ba wani irin wannan magani a ɓoye, domin ba a duba hantar Baba Sammani ba ko sau ɗaya, Allah ne ya kiyaye. Na biyu, sitatin ba ya warkar da miki. Mikin da ke ƙafar da jini ba ya isa yana bukatar a gan shi da wuri, tun ana maganar yatsa, kafin a koma maganar ƙafa.

Saboda haka ba na cewa Kaka ya yi daidai. Mutumin da ya rufe rijiyar mai kuɗi don ya san abin da ke cikinta, shi ne ya ba amininsa abin da bai san yana sha ba. Ya yi kuskure. Amma mu da muka san shi mun san daga inda kuskuren ya fito. Ya kasance in ya ga abu mai kyau ba ya iya cinsa shi kaɗai.

Iyayena shida da kuka daina zuwa, ba zan kira suna ba. Takardun suna hannuna, duk wanda yake son gani in zo har gida in karanta masa. Dakta ya ce sunayenku suna nan bai goge ba.

Mahaifina da baffannina, kada ku ji haushin Baba Sammani. Bai roƙa ba, bai sani ba. Hajiya, kin ce da kin sani da kin ɓoye turmin. Da ya nemo wani, kin fi kowa sani.

Ranar Laraba na je zauren Baba Sammani tare da Hajiya, na gaya masa. Ya ce, "Ke Iklima, kakanki ya mutu ya bar miki tsiyar tashi?" Na ce saura ƙulli nawa. Ya ce biyu. Na ce a kawo rariya. Aka tankaɗe ɗaya a kan farar takarda, kukar ta wuce, sai ga 'yan ɓawo ja-ja sun tsaya a sama, irin rigar da ke jikin ƙwayar. Na ajiye kwalin maganin Kaka da babu komai a cikinsa a gefe. Ya sa yatsa ya taɓa ɓawon, ya kai kusa da ido, ya daɗe.

Ya ce, "Wato wata bakwai ina shan ƙwayar Bature da miyar kuka."

Sai ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Shi kuma yana shan mi?"

Na ce, "Ba komai."

Ya juya fuskarsa bango. Hajiya ta ja hannuna mu tafi, sai ya ce mu tsaya. Ya ce shi ya fi kowa yaɗa maganar nan a majalisa, kuma bakinsa ba zai iya kwashe ta ba, ya tsufa da wannan. Ya ce, "In kin iya tsayawa gaban Liman da Mai Unguwa da duk wanda na gaya mawa, kika faɗa da bakinki, ke da ko gaisuwa sai an sa kunne, to ni ma Litinin in tahi su ɗebi abin da za su ɗiba." Ina jin ya ɗauka ba zan iya ba. Ni ma haka na ɗauka.

Baba Sammani, ina son a ga yatsan nan tun da sauran lokaci. Bayan wannan kuma, ba zan ɓoye ba, ina son in ga takardarka. Ba a taɓa duba jininka ba, ba mu san inda ka fara ba, Dakta ya ce wataƙila ba za ta gaya mana abin da Kaka ya so sani ba. Duk da haka ina son in ga layi ukun nan da sunanka a sama. In ta zo zan karanta maka, ko sau nawa ka ce.

Na faɗa, Baba. Kowa ya ji. Mahaifina zai zo da mota ranar Litinin ƙarfe bakwai na safe, kuma kada ka karya, ba a cin komai kafin a ɗiba.

Muna godiya ga wakilin Hakimi da Mai Unguwa da Malam Liman da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Muna godiya ga abokan aikin Kaka, da Dakta Nasiru da ya yi haƙuri da mu, da matan unguwa da suke tare da Hajiya tun ranar farko. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Gwadabe. Ka yafe masa abin da ya yi da sani da wanda ya yi da kuskure, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajiya haƙuri, ka shirya zuriyarsa. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ka bar wa Baba Sammani ƙafarsa. In tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.